'Yan Kasuwa Mu Yi Hattara Da Cinikin Nesa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili domin in ja hankalin 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa da mutanen karkara game da wani al'amari da ya shigo mana har cikin ɗaka, amma har yanzu ba mu zauna mun yi masa tsari ba. Wannan al'amari kuwa shi ne gudanar da kasuwanci daga nesa ta hanyar wayar salula, watau maigida yana wani gari, yaronsa yana wani gari, kaya suna bisa hanya, kuɗi kuma suna yawo a iska.

Idan aka ce “aiki daga gida”, da yawa daga cikinmu sai mu ɗauka magana ce ta 'yan boko masu kwamfuta da manyan kamfanoni. Gaskiya ne su suka fi yayata abin, musamman a shekarar 2020 lokacin da annobar korona ta sa aka kulle garuruwa. A ƙarshen watan Maris na wannan shekara aka kulle Legas da Ogun da Abuja, a watan Afrilu kuma aka kulle Kano. Ofisoshi suka koma yin taro ta wata manhaja mai suna Zoom, wadda masu ita suka ce masu shiga taro a kanta kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a watan Disamba na 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilu na 2020. Ko a nan gida, a watan Disamba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako, aka ce wa akasarin ma'aikata su yi aikin ranar Juma'a daga gida. To amma jama'a, mu duba da kyau. Mai sayen wake a ƙauye yana turawa Bodija a Ibadan, da mai albasa a Aliero da ke da wakili a Mile 12 ta Legas, da mai atamfa a Kantin Kwari da ke odar kaya daga Caina bai taɓa hawa jirgi ba, duk me suke yi in ba aiki daga nesa ba? Mu ma muna ciki tsundum. Bambancin kawai shi ne, su kamfanoni sun ɗauki ma'aikata na musamman masu tsare musu asiri da dukiya, mu kuwa sai “Allah ya kiyaye”.

Kuma ai cinikin nesa ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, ayari ya yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu, mai dukiya yana gida yana jiran labari. A can zango akwai maigida mai saukar baƙi da dillalinsa, su ke tsaya wa baƙo a kan ciniki da bashi. Daga baya muka zo zamanin ba direba sallahu, da rubuta wasiƙa da ajami, har da ɗaukar magana a kaset a aika Kurmi. Sai a watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, lokacin layi sai mai hannu da shuni. Yau ga shi har mai tallar gyaɗa tana da lamba. Wanda ma ya ƙi tiransifa da can, ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, bayan canjin fasalin naira, ya tilasta masa buɗe asusu ko neman mai POS. Amma a lura, a zamanin fatake kowane mataki yana da mai tsaya masa: akwai madugu, akwai maigida, akwai shaidu. Mu mun ɗauki saurin waya, mun bar wancan tsari a baya. Nan ne gizo ke saƙa.

Kada a fahimce ni a baibai, ni ba na cikin masu cewa a jefar da waya a koma gidan jiya. Amfaninta a fili yake. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi bayanta, har ta kai ƙaramin ɗan kasuwa in ya ce sai ya raka kowane lodi da ƙafarsa, ribar a hanya za ta ƙare. Ga kuma halin da wasu hanyoyinmu suke ciki na 'yan fashi da masu garkuwa da mutane. Wanda ya tura kuɗinsa ta banki ya fi wanda ya ɗaura su a ƙugu kwanciyar hankali. Manomi a ƙauye yanzu yana iya jin farashin Dawanau kafin dillali ya zo ya yi masa wayo. Matanmu na cikin gida suna sayar da turaren wuta da zannuwan gado da kayan miya ta WhatsApp ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Duk wannan alheri ne.

Dattawan kasuwa sukan ce zuwa da kai ya fi aike, kuma duk wanda ya sayi kayan da bai gani ba ya yi cinikin biri a sama. Ba su yi ƙarya ba. Hoto ba ya nuna wa mutum ko wake ya fara ƙwari a tsakiyar buhu, ba ya nuna ko an yi algus an sa mai kyau a baki. Sai dai ni abin da na fahimta shi ne, maganar dattawa tana koya mana inda za mu sa ido ne, domin idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Tunda ba za mu iya kasancewa ko'ina ba, sai mu nemo abin da zai tsaya a madadin idonmu. Ga wasu shawarwari da nake ganin in mun riƙe su za mu rage kuka.

Da farko maganar lambar sirri. Jama'a, lambar da banki ko WhatsApp ke turo wa mutum a saƙon tes, mabuɗin ɗakinsa ce. Ga yadda 'yan damfara ke yi: wani zai kira ka da ladabi, ya ce shi daga ƙungiyar 'yan kasuwa yake, ko daga masu rabon tallafin gwamnati, ko za a yi taro ta waya an sa sunanka, “yanzu za ka ga lamba shida ta shigo, karanto mini”. A daidai wannan lokaci shi yana can ya sa lambar wayarka a tasa wayar yana ƙoƙarin buɗe WhatsApp ɗinka, lambobin nan shida su kaɗai suka rage masa. Kana karanta masa, shi ke nan, an fitar da kai an shigar da shi. Kafin ka farga ya bi abokan cinikinka ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka yana cewa a tura kuɗi cikin gaggawa. Asarar kuɗi ɗaya ce, zubewar mutunci kuma ta fi ta ciwo. Maganin abin yana cikin ita manhajar kanta: akwai wurin da mutum zai sa tasa lambar sirri ta biyu mai lamba shida, wadda shi kaɗai ya sani. Minti biyu ya isa a yi shi. Wanda bai iya ba ya sa ɗansa ya nuna masa wurin, amma shi zai danna lambar da hannunsa. Haka nan lambar katin ATM, da lambar da ake turowa kafin kuɗi su fita: babu ma'aikacin bankin ƙwarai da zai kira ka ya tambaye su. Ita ma BVN mai lamba 11, wadda aka ɓullo da ita a 2014, ba abar rabawa ba ce ga duk wanda ya yi alkawarin bashi ko tallafi ta waya.

Na biyu, alat ɗin bogi. Saƙon tes ba kuɗi ba ne, hoton rasit da aka turo ta WhatsApp shi ma ba kuɗi ba ne, yara ƙanana ma sun iya haɗa shi. Kuɗi shi ne abin da ka duba asusunka da kanka ka ga ya ƙaru. Matsalar ta fi tsanani in maigida ba ya nan, domin asusun yana wayar maigida, mai saye kuma yana tsaye a kan yaron shago yana nuna masa rasit yana cewa motarsa za ta tashi. Yaro ya ji kunya ya saki kaya. Don haka a kafa doka tun wuri, a kuma rubuta ta a manna a bakin shago: kaya ba sa fita sai maigida ya tabbatar kuɗi sun shiga. In doka ce rubutacciya, yaro ya sami abin fakewa, mai saye na gaskiya kuma ba zai ji an wulaƙanta shi ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Na uku, duk ranar da abokin cinikinka ya turo saƙo cewa ya canza lambar asusu, ko “tura wa ƙanena, nawa asusun ya sami matsala”, to ka dakata. Kira shi a tsohuwar lambar da ka san shi da ita, kada ka kira wadda ta turo saƙon. Ko muryar ma yanzu ba a gama dogara da ita, domin an kai zamanin da na'ura ke kwaikwayon murya da fuskar mutum. A farkon shekarar 2024 'yan sandan Hong Kong sun bayyana yadda aka yaudari wani ma'aikacin wani babban kamfani: an kira shi taro ta bidiyo, ya ga fuskar shugaban sashen kuɗi na kamfanin da wasu abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ashe duk na bogi ne, ya tura kuɗi kimanin dala miliyan 25. To in an yi wa masu kwamfuta haka, ina ga ni da kai? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dabara mai sauƙi ita ce ka tambayi mai kiran wani abu da ku biyu kaɗai kuka sani, kamar buhu nawa aka yi lodin da ya wuce da sunan direban da ya kai. Kuma ku lura, ɗan damfara kullum cikin sauri yake. Duk wanda ya hana ka minti biyar na bincike, akwai lauje cikin naɗi.

Na huɗu, ita wayar kanta. Yau wayar ɗan kasuwa ita ce shagonsa, ita ce asusunsa, ita ce littafin bashinsa, amma sai ka ga an miƙa ta wurin mai caji tun safe har yamma babu ko makulli, ko a ba yara su yi kallo. Ɓarawon waya a yanzu layin yake so fiye da wayar, domin da layin ake cire kuɗi ta gajerun lambobin nan na banki. A sa wa waya makulli, a sa wa shi kansa layin lambar sirri, a kuma rubuta lambar da ake rufe asusu da ita a takarda a ajiye a gida. Ranar da waya ta ɓata, rufe asusu da layi shi ne farko kafin cigiya.

Na biyar, rubutu. Da yawanmu duk lissafinmu yana cikin saƙon murya: “na karɓi buhu kaza, saura kaza”. Ranar da rigima ta tashi sai a yi ta laluben murya ɗari ana neman guda. Ranar da waya ta faɗa ruwa kuwa, bashi ya bi ruwa. Kada mu manta, ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook sun ɗauke a duniya baki ɗaya har wajen awa shida. A watan Satumba na wannan shekara an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, mutane suka yi makonni sai sun yi tafiya mai nisa kafin su sami sabis. A watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna ta tsaya cak a wurare da dama. Wanda ke da littafi a irin waɗannan ranaku bai rasa lissafinsa ba. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka bayan an gama magana ta murya, a bi ta da rubutu gajere: kaya kaza, farashi kaza, ranar biya kaza, ɗayan ya amsa “na yarda”. Da dare kuma a kwafe a littafi. Boko ko ajami, duk rubutu ne.

Yanzu bari in juyo kan mu iyayen gida, domin ba 'yan damfara kaɗai ke da laifi ba. Waɗanda ke mana aiki daga nesa, yaron shago da wakilin kasuwar ƙauye da mai karɓar kaya a Kurmi, su ne idanunmu da hannuwanmu, amma yaya muke riƙe su? Za ka ga maigida yana kiran yaronsa sau ashirin a wuni, har ƙarfe goma sha biyun dare, amma bai taɓa tura masa kuɗin kati ko na data ba, alhali a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Yaro ya biya caji, ya biya data, ya biya ladan mai POS daga aljihunsa, in an sami riba maigida ya yi shiru, in an sami asara a ce sakacinsa ne. Wannan ai kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Wallahi wanda ka matse haka, kai ka koya masa ƙara naira ɗari biyu a kan kowane buhu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya kamata shi ne a yanka wa wakili la'adarsa a fili tun kafin ya fita, a ware kuɗin waya daban, a faɗa masa iyakar farashin da zai saya ba sai ya kira ba, da inda in an wuce dole ya nemi izini. A tsayar da lokaci guda, misali bayan la'asar, da kowa zai turo lissafin ranar. In an buɗe guruf na WhatsApp don aiki, a bar shi na aiki, a daina cika shi da bidiyon siyasa da barkwanci har saƙon direba ya nutse. Kada kuma mutum ɗaya ya zama shi ke saye, shi ke awo, shi ke biya, shi ke ba da rahoto. A sa mai karɓar kaya ya ƙirga nasa daban, direba ya riƙe takardar lodi, lissafi uku in sun haɗu an huta da zargi. Duk da haka maigida ya riƙa leƙawa da kansa lokaci-lokaci ba tare da sanarwa ba, ya zauna da yaransa su ci abinci tare, ya san halin da iyalinsu ke ciki. Amana da ido take ƙara ƙarfi, waya tana riƙe ta ne kawai zuwa wani lokaci.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Idan layin shago da sunan yaronka aka yi rajistarsa, to a hukumance nasa ne. Ranar da kuka rabu ya tafi da layin, ya tafi da abokan cinikin da ka shekara goma kana tarawa, kuma ba ka da bakin magana. Haka asusun da ake karɓar kuɗin shago. Layin kasuwa da asusun kasuwa su kasance da sunan mai kasuwa, a raba su da na gida. In yaro ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a canza lambobin sirri a ranar, a cire shi daga guruf. Shi ma kariya ce gare shi, domin in wani abu ya ɓata gobe ba za a nuna shi da yatsa ba.

Daga ƙarshe ina kira da babbar murya ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwanni da sarakunan kasuwa da su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. Yadda ake yin shela a kan ma'auni da harajin rumfa, a riƙa yin shela a kan sababbin dabarun 'yan damfara. A samo matasa biyu ko uku masu amana a kowace kasuwa su riƙa koya wa dattawa sa makulli a waya, ba tare da sun ga lambar kowa ba. A kuma ajiye rajistar wakilai da dillalai da masu tsaya musu, kamar yadda maigidan zango ke tsaya wa baƙonsa a da. Bankuna da kamfanonin waya su ma su ji tsoron Allah su riƙa turo gargaɗinsu da Hausa, da murya ga wanda bai iya karatu ba, su kuma sauƙaƙa hanyar kai ƙara, don mutumin ƙauye ba zai iya barin gonarsa ya yi kwana uku yana bin layi a birni ba. Gwamnati kuma ta dubi ƙauyukan da har yau sai an hau tudu ko bishiya ake samun sabis, ga rashin wutar caji. Gidajen rediyonmu, waɗanda su ne makarantar talaka, su ware ko minti goma a mako domin wannan fadakarwa.

'Yan'uwa, jarin ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da yawa, damfara ɗaya ta isa ta mayar da mutum ɗan dako a kasuwar da yake da rumfa. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan wasiƙa don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa da bai iya karatu ba.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu daga sharrin azzalumai, amin.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Kasuwar Dawanau, Kano.